Yaya zan koya wa ɗaliban aji uku gano jigon abin da suka karanta?

Malamar aji uku, Azare:
Assalamu alaikum. Ina koyar da Hausa a wata makarantar firamare a nan Azare, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Da yawa daga cikin yarana suna karanta sakin layi ba gargada, amma idan na tambaye su abin da labarin ya ƙunsa, sai wani ya maimaita mini jimlar farko kamar yadda take, wani kuma ya ɗauko abin da ya fi ba shi dariya, ko da kuwa ba shi da wani muhimmanci a labarin. Ina roƙon waɗanda suka riga ni a wannan aiki su ba ni shawara.

Malami mai ritaya, Bauchi:
Wa alaikumus salam, Malama. Da farko ki tabbatar karatun nasu ya nuna, domin yaron da har yanzu yake haɗa baƙi da wasali da ƙyar, hankalinsa duka yana kan furta kalma, kuma kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Irin wannan yaro ta kunne ake fara masa. Shi ya sa a darussan Mu Karanta, waɗanda NEI Plus, wani shirin inganta karatun yaran firamare, ya kawo makarantun Bauchi da Sakkwato, malami ke karanta labari a bayyane yara suna saurare, sannan a yi musu tambayoyin auna fahimta.

Abin da na ga ya fi amfani shi ne ki ɓoye sunan labarin, ki karanta musu, sannan ki ce su raɗa masa suna da kansu. Duk wanda ya kawo suna, ki tambaye shi dalili. A wajen kare sunan ne za ki ji wanda ya fahimta da wanda ya yi dace kawai.

Malamar koyar da malamai, Gombe:
Na yarda da Baba Malam, sai dai ina da ƙari a kan irin rubutun da za a zaɓa. Mun saba farawa da tatsuniya, to amma da zarar an gama labarin Gizo da Ƙoƙi, yara sai su ce, "Kada mu yi kwaɗayi." Wannan darasi ne da aka ciro daga labarin, bai nuna sun gane abin da ya faru a cikinsa ba, kuma sau da yawa tun a gida suka haddace shi.

Ni nakan rubuta ɗan gajeren bayani a allo, misali a kan Yankari: cewa da rani ruwa yakan janye a daji, giwaye da ɓauna su riƙa gangarowa kogin Gaji shan ruwa, shi ya sa baƙi suka fi ganin namun daji a wannan lokaci. Da gangan nakan sa wata jimla da ba ta da alaƙa a tsakiya, kamar a ce motar baƙin fara ce. Sai in yi tambaya biyu: a kan me ake magana, kuma me aka fi faɗa game da shi? Daga nan sai mu bi jimlolin ɗaya bayan ɗaya, mu share wadda idan an cire ta bayanin bai lalace ba. Yara suna son wannan sharewar sosai, har rige-rigen karɓar alli suke yi. A ƙarshe kowa ya faɗi jigon a kalmomin da ba su wuce 10 ba.

Malamar aji uku, Azare:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Damuwata ita ce ajin nawa cike yake maƙil, ba zan iya jin bakin kowa ba.

Malamar koyar da malamai, Gombe:
Ki haɗa su biyu-biyu, kowa ya faɗa wa abokin zamansa, ke kuma kina zagayawa kina saurare. Sannan ki kira waɗanda ba su ɗaga hannu ba, musamman na layin baya.