Muhawara: Tsaro a bakin ƙofa ko a gajimare, wanne ya fi sauƙin kuɗi?

Mai Kula da Na'ura: Salamu alaikum 'yan zaure. Raina a ɓace yake. Sama da shekara uku muna biyan wani kamfanin waje kuɗin tsaron intanet na shagunanmu uku a Kano, duk abin da zai shiga ko ya fita sai ya bi ta na'urorinsu na gajimare, wato manyan kwamfutocinsu da ke can nesa a intanet. Da dala muke biya. Da muka fara, dala ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba. Aka saki naira a Yunin 2023, zuwa 2024 ta haura 1,500. Su ba su ƙara ko sisi ba, mu namu ya ninka uku. Ga kuɗin data na hoton kyamarori da muke turawa dare da rana. Jiya Alhaji ya tsare ni gaban yaran shago yana tambaya ko ni nake cin kuɗin. Na yanke shawara, kowane shago zan ajiye ƙaramar kwamfuta in sa mata manhajar tsaro ta pfSense ta tace komai a bakin ƙofa, hoton kyamara ya zauna a gida. Sau ɗaya za a saya, manhajar kuma kyauta ce.

Injiniya: Kyauta? Ƙanena, janye wannan kalmar. Wutar da akwatin zai sha fa? Tun Afrilun 2024 'yan Band A, rukunin da ya fi samun wuta, suna biyan sama da naira 200 kowane yunit. In an ɗauke wuta sai inbata da batir, ko janareta. Ina kyautar take?

Mai Kula da Na'ura: Yaya, manhajar na ce kyauta, ban ce wuta ba. Kuma akwatin bai fi ƙwan lantarki ɗaya ko biyu shan wuta ba.

Hajiya Akanta: A littafin lissafi babu layin da ake rubuta kyauta. Wa zai riƙa sabunta ta? Wa zai tashi ƙarfe biyun dare in ta tsaya? Albashinka kenan. Ranar da ka bar wa Alhaji aiki, shi kenan an bar shi da akwatin da babu mai iya buɗe shi.

Ɗan Farm Centre: Hajiya, abin da ba a karɓi kuɗinka ba sunansa kyauta. In an ba ki akuya, don kina saya mata dusa ba ta tashi daga kyauta ba.

Hajiya Akanta: Araha ba ta ado, ɗana. Akuyar da ta cinye jarin mai ita fa?

Injiniya: Kun manta muguwar manhajar nan Mirai a 2016? Kyamarori da rautoci ne na gidaje da shaguna, an bar su da kalmar sirrin da suka zo da ita daga kamfani. Aka tattara su aka far wa Dyn, kamfanin da ke haɗa mutane da adireshin shafukan intanet, har Twitter da Netflix suka ɗauke a Amurka. Ƙarshen na'urar da aka ajiye aka manta da ita kenan.

Ɗan Farm Centre: To 14 ga Maris 2024 fa? Wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace ta gaɓar Kwaddebuwa, har da MainOne da WACS, manhajojin bankuna suka yi ta ƙin buɗewa. Wanda mai gadinsa ke Turai, wa ya tsare masa ƙofa ranar? Injiniya, faɗa mana gaskiya, ba kai ke sayar da lasisin irin waɗannan kamfanonin ba? Nawa ne kamashonka?

Injiniya: Kai da ke sayar da tsofaffin kwamfutoci 'yan kwatano, kai ne za ka yi zancen kamasho? Ka san girman na gaba da kai.

Malamin Makaranta: Ku yi haƙuri, tun ɗazu nake gani kuna rubuta gajimare. Girgije ya kamata a ce. Gajimare shi ne wanda ke yawo babu ruwa.

Bazazzagi: Malam, mu a Zariya duka biyun muna faɗa. Kanawa ku daina mayar da Hausa taku ku kaɗai.

Malamin Makaranta: Ni Bakatsine ne, kuma a nan aka haifi Hausar.

Wata Ɗaliba: Don Allah tambaya. Kamfanin tsaron intanet na Cloudflare suna da na'urori a Legas, kuma su ma suna kiran nasu tsaron bakin ƙofa. To wanne ake nufi, akwatin cikin shago ko na'urar kamfani da ke kusa da kai? Ina ga kuɗin ya dogara da wannan.

Bazazzagi: Wa ya ce a Katsina aka haifi Hausa? Daura fa?

Malamin Makaranta: Daura a wace jiha take yanzu?

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta, mafi yawa sun yarda ajiye tsaro a gida ya fi sauƙi ga ɗan kasuwar da ke samun naira yana biyan dala. Ni ma haka na yi a ofishina tun bara, ban yi nadama ba. Masu kare gajimare ba su kawo hujja ba sai tsoratarwa. Maganar kyauta kuma Ɗan Farm Centre ya gama ta da misalin akuya. An rufe.

Hajiya Akanta: Ranka ya daɗe, mutum nawa ka ƙirga? Ni da Injiniya ba mu yarda ba, kuma babu wanda ya amsa mini zancen albashi.

Mai Kula da Na'ura: Ni dai gobe da safe Alhaji yake jiran lissafi a rubuce. Wa ya san farashin akwati mai kafar waya biyu yanzu?