Waɗanda aka rushe wa gadar sama a garinsu, yaya kuka ƙare?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Ina zaune a Syracuse, jihar New York, kuma daga gidan da muke haya zuwa gadar sama ta babbar hanyar I-81 bai fi tafiyar minti biyar a ƙafa ba. Gadar ta tsufa, shi ne aka yanke shawarar sauke ta, a mayar da wurin titunan ƙasa masu danja. Motocin da wucewa kawai za su yi za a karkatar da su ta I-481 mai zagaye gari. Aikin na dala biliyan 2.25 ne, an ƙaddamar da shi a 2023. Abu biyu ke hana ni barci: ƙura, don ƙaramar 'yata tana da asma, sai cunkoso, don aikin dare nake yi kuma ta nan nake bi. Don Allah duk wanda ya zauna inda aka yi irin wannan ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa.

Direban Tasi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni a Montreal ta ƙasar Kanada nake tuƙi, kuma na ci zamanin tsohuwar Turcot, mahaɗar manyan hanyoyi ta gadojin sama, wadda aka buɗe a 1967. Mota wajen 300,000 ke bi ta kanta kullum. Abin da ya cinye ta gishirin da ake zubawa lokacin ƙanƙara ne. Ruwan gishirin ya ratsa kankare, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, sai kankaren ya dinga ɓantarewa. Da idona na ga ragar ƙarfe da aka ɗaure a ƙasan gadar don ta tare abin da ke faɗowa. Duk sanda na bi ta ƙarƙashinta da fasinja, addu'a nake yi a zuci.

Daga 2015 zuwa 2020 aka yi aikin rushe ta da sake gina ta, aka sauko da mafi yawan hanyoyin kan tudun ƙasa. Ba zan ɓoye miki ba, shekarun nan biyar mun sha wuya. Yau a rufe wannan hannun, ƙarshen mako a rufe wancan, hanyar da ka haddace jiya ka wayi gari babu ita. Shawarata ki riƙa duba sanarwar rufe hanya kafin ki fita, ki kuma tanadi hanyoyi biyu zuwa wurin aiki tun yanzu, ki bi su da rana ki san su. Amma ki lura, Turcot har yau babbar hanya ce, ƙasa kawai ta sauko. Wadda ta yi kama da taku ita ce babbar hanyar Bonaventure a nan Montreal, da aka rushe ɓangarenta na sama a 2016 aka yi titi mai fili a tsakiya. Can danja takan tsayar da ni, amma ina iya sauke fasinja a ƙofar inda zai je, abin da gada ba ta taɓa bari na yi ba.

Abu Hanif:
Mu a Seattle an rufe gadar Alaskan Way mai hawa biyu da ke bakin teku ranar 11 ga Janairun 2019, ramin mota na ƙarƙashin ƙasa da ya maye gurbinta kuma sai 4 ga Fabrairu aka buɗe shi. Mako uku babu gada babu rami. An tsorata mu ƙwarai, amma ni jinkirin da na gani bai kai abin da aka yi ta faɗa ba. Wasu sun koma bas, wasu sun sauya lokacin fita, wasu sun yi aiki daga gida. Abin da ba na mantawa shi ne shirun da bakin teku ya yi washegarin rufewar. A da sai ka ɗaga murya na kusa da kai zai ji ka.

Direban Tasi:
Malam Abu Hanif, ai ku rami aka haƙa muku, motocin ƙarƙashin ƙasa suka koma. Su Hajiya ba su da wannan.

Abu Hanif:
Gaskiya ne Yaya. Shi ya sa makon ukun nan kawai na kawo, su ne suka yi kama da nasu.

Tsohon Falke:
'Yata, ni ba zama na yi ba, fatauci ke kai ni Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, tun kafin a rushe gadar Cheonggye a 2003 har bayan an buɗe rafin da ke ƙarƙashinta a 2005. Wurin ya yi kyau, babu mai musu, yanzu mutane ke zama bakin ruwa inda da hayaƙi ne. Cunkoson ma bai kashe garin ba, domin a 2004 an gyara tsarin bas, an ware masa layinsa a tsakiyar titi.

Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Akwai masu ƙananan shaguna da 'yan tebur da nake sayayya a hannunsu a gefen gadar. Da na koma, da yawansu babu su. An kwashe 'yan tebur zuwa filin wasa na Dongdaemun, wasu masu shagunan kuma aka nuna musu sabuwar kasuwa can nesa, inda masu sayen ba su bi su ba. Wani dattijo da muka shekara muna hulɗa, har yau ban san inda ya shiga ba. Gada mummuna ce, amma muninta ne ke sa haya ta yi sauƙi a gefenta. Kin ce haya kike yi. Ƙura za ta wuce, ki fi sa ido a kan wannan.

Ummu Sadik:
Ni ƙari ɗaya gare ni, a matsayina na mai raka yara makaranta. Inda nake an sauke gadar, aka shimfiɗa titi mai faɗin gaske, direbobin da suka sauko daga babbar hanya kuma ba sa rage gudu. Danjar masu tafiya a ƙafa takan canza kafin na kai tsakiya da keken jariri. Sai da muka yi ta zuwa taron unguwa kafin aka ƙara mana lokaci. Ku tambayi faɗin titin da yawan wuraren tsallakawa tun yana kan takarda. Batun asma kuwa, na'urar tace iska a ɗakin barci ta taimaki ɗana, da rufe taga a ranakun da ake fasa kankare.

Maman Ilham:
Allah ya saka muku da alheri. Baba Falke, maganarka ta taɓa ni, domin tsofaffin unguwar nan suna ba da labarin yadda aka tashi iyalan baƙar fata na unguwar 15th Ward lokacin gina gadar, kuma tsoronsu ke nan, kar saukewar ma ta sake tashinsu. Yarjejeniyar hayarmu shekara ɗaya-ɗaya ce. Gobe zan kira mai gidan in ji ko zai yarda mu sa hannu a ta shekara uku. Ummu Sadik, wace irin na'ura kika saya, kuma tana ƙara da dare?