Amfilifaya tana buga "dum" a sifika idan an kashe ta

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum, iyayen gida. Amfilifaya ce mai aisi (IC) TDA7294 guda biyu masu ƙara ƙarfin sauti, taransifoma 24-0-24, kafasita 10,000µF a kowane ɓangare. Firi'am ɗin, wato matakin farko na ƙara sauti, aisi TL072 ce, tana shan wuta daga masu daidaita wuta 7812 (+12V) da 7912 (-12V) ta wani naɗin daban mai 12-0-12 da kafasita 1,000µF. Sauti lafiya lau. Amma da an danna makunni sai a ji "tas", bayan kamar rabin daƙiƙa kuma "dum" mai ƙarfi, har takardar sifika ta yi waje. Ko wuta aka ɗauke, "dum" ɗin na nan. Ta ina zan fara?

Mai Dalma:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, cuta biyu ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

"Tas" ɗin tartsatsin makunni ne. Naɗin farko na taransifoma ba ya son a yanke masa wuta farat ɗaya, sai ya yi tsalle da ɗaruruwan bolt, wayar shigar sauti ta kwashe shi kamar eriya. Haɗa rasista 100Ω da kafasita 100nF a jere, ka ɗora su tsakanin wayoyi biyu na naɗin farko, bayan makunni. Kafasitar dole ta zama X2, irin wadda aka yi don wutar gida, mai 275VAC, ba 'yar seramik ta cikin rediyo ba. Kada ka ɗora a kan makunnin kansa: 100nF a 230V tana barin kusan 7mA ya wuce ko an kashe.

"Dum" ɗin shi ne mai cin sifika. Kafin ka sayi komai, sa tsohuwar sifikar da ba ka jin asararta, ka cire wayar da ta fito daga firi'am, ka haɗe mashigar TDA7294 da giraun, sannan ka kashe. In ƙarar ta ɓace, firi'am ce mai laifi. Ina kyautata zaton haka za ka gani.

Ɗan Koyo:
An gwada, Oga. Da aka haɗe mashigar sai ɗan "fut" da kyar ake jin sa. Akwai kuma LED ɗaya a kan +12V, ko tana da hannu?

Injiniya Tsoho:
Tana da hannu ƙwarai. Mu yi lissafi. TDA7294 ɗaya tana shan kimanin 30mA idan ba sauti, biyu 60mA ke nan. A kan 10,000µF wutar za ta riƙa sauka bolt 6 a daƙiƙa. Daga 33V da manyan kafasitoci ke riƙe da shi zuwa 10V, inda aisin ke daina aiki, kusan daƙiƙa huɗu ne. Duk tsawon wannan lokaci amfilifayarka tana raye, tana ƙara duk abin da aka ba ta.

Firi'am kuwa ba ta da wannan jimiri. Ɓangaren +12V yana ɗauke da TL072 da 7812 da LED, a ce 18mA a kan 1,000µF, wato bolt 18 a daƙiƙa. Ɓangaren -12V bai kai rabin wannan nauyi ba, yana sauka a hankali. Ɗaya ya faɗi, ɗaya na tsaye, TL072 ta rasa tsakiya, mafitarta ta karkata gefe guda. In rasistocin fidbak na TDA7294, masu ƙayyade yawan ƙarin sauti, 22k da 680Ω ne kamar na takardar masana'anta, ninki 33 ake yi. Tsallen 0.3V kawai ya zama 10V a kan sifika.

Ka mayar da LED tsakanin +12V da -12V da rasista 4.7k, ka ɗaga kafasitocin firi'am zuwa 4,700µF. Wannan zai rage, ba zai kawar ba. Sannan ka duba ƙafa ta 9 da ta 10 na TDA7294, masu sa ta tsaya da yin shiru. A allunan kasuwa da yawa an ja su ta rasista zuwa babbar wutar +33V. Aisin tana yin shiru ne idan ƙafa ta 10 ta sauka ƙasa da 1.5V, kuma da wannan haɗi ba za ta sauka ba sai bayan an riga an buga "dum" ɗin.

Mai Dalma:
Bayanin Injiniya Tsoho ya zauna. Ni dai a ganina rilai, wato makunnin da wuta ke kunnawa da kashewa, a kan layin sifika ya fi komai, musamman inda ake ɗauke wuta ba sallama, don dabarar da ta dogara da makunni ba ta san an ɗauke ba. Sharaɗin shi ne rilai ɗin ya sha daga AC, ba daga manyan kafasitoci ba. Ɗauko waya ɗaya daga 24V na taransifoma, dayod 1N4007, kafasita 47µF mai 50V, rasista 180Ω, sai koyil ɗin rilai mai 24V. Koyil mai kimanin 1,100Ω zai shanye 47µF cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, ya saki sifika tun firi'am ba ta fara tangaɗi ba. Wanda ya sa 1,000µF a nan wai don wuta ta yi santsi, ya dawo da cutar da hannunsa.

Injiniya Tsoho:
Haka ne, sai dai wannan bai jinkirta lokacin kunnawa ba, bai kuma tsare sifika daga DC ba idan aisi ta ƙone. Allon kare sifika mai aisi uPC1237 yana yin duka ukun. Ƙafa ta 4 ita ce mai gane yankewar AC, ka tabbata daga taransifoma aka ja ta, ba daga bayan birij mai mayar da AC zuwa DC ba. In ka ga rilai yana nawa wajen saki, sa dayod zina (zener) mai 24V a jere da dayod ɗin kariya da ke kan koyil ɗin rilai na allon, baya da baya. Kuma kafin ka kai hannu, sauke manyan kafasitocin da rasista 1k mai 5W, ka auna da mita.