Wanda ke yi wa 'yan furi zane ya zama ɗan furi?

Muhawarar ta tashi ne a zauren WhatsApp na wasu masu zane a Katsina, bayan Nura ya tura hoton wani aiki da ya kammala.

Malam Lawal: Salamu alaikum. Ina da magana kan zanen dilan nan da Nura ya turo jiya, mai tabarau, tsaye da ƙafa biyu. An ce min masu sayen irin wannan 'yan furi ne, Turawan nan masu shiga rigar dabbobi. Ni dai a wurina, duk wanda ya zauna yana yi musu zane yana karɓar dalarsu ya zama nasu, ko ya yarda ko bai yarda ba.

Nura: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ba ka haƙuri, ban zama ba. Mutum ne ya aiko da bayani: dila, jela shuɗiya, tabo a kunnen hagu, ya fito a makanike da sifana a hannu. Na zana, ya ce a ƙara wa jelar gashi, na ƙara, ya biya. Ko sunansa na yanka ban sani ba.

Anti Rabi: Malam Lawal, batun rigar nan ma ba haka yake ba. Mafi yawansu ba su da ita. Da hannu ake ɗinka ta, cikakkiya tana cin dubban daloli, ga zafi, har ƙaramar fanka wasu ke sawa cikin kan don kada su sume. Abin da ya haɗa su son dabbobin da aka ba halin mutane ne, masu magana da sa tufafi. A Amurka abin ya faro cikin shekarun 1980, a gefen tarukan masu son labaran ƙirƙira na kimiyya. A 1989 suka yi taron kansu na farko a Kalifoniya, ConFurence. Yanzu akwai Anthrocon da ake yi kowace shekara a Pittsburgh, akwai Eurofurence a Jamus.

Sadik: Ashe duk wanda kakarsa ta yi wa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ɗan furi ne. Ni kam har kuka na yi ranar da aka yaudari Kura. Ku rubuta sunana.

Anti Rabi: Kai Sadik, ba ka rabo da shiririta. Miliyoyin mutane sun kalli Zootopia, fim ɗin dabbobi masu magana, a 2016, ba su zama ba. Su a wurinsu sai ka ce da bakinka kai nasu ne. Ba rajista, ba kati, ba shugaban da zai karɓe ka.

Malam Lawal: To ai nan ne maganar ta rushe, Hajiya. In faɗa da baki kawai ne, gobe Sadik ya ce ya shiga, jibi ya ce ya fita. Wannan ba al'umma ba ce. Mu abin da muka sani, hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya ce wanda ya yi kama da wasu mutane yana cikinsu. Aiki ake dubawa.

Habibu: Ni rabi ina bayan Malam. Baki kaɗai bai isa ba, su ma suna ganewa. Wanda ya shiga da gaske yakan ƙirƙiri dabbar da za ta tsaya a madadinsa, wadda suke kira fursona: ya ba ta suna, launi, hali. Kyarkeci da dila da kare da kyanwa sun fi yawa. Da wannan sunan abokansa za su san shi shekara da shekaru. Kuma masu zane ba bare ba ne a cikinsu, su ne ƙashin bayan harkar. Shafin FurAffinity da aka buɗe a 2005 kusan duk zane ne, a tarukansu ma akwai zaure guda na masu sayar da zane. In sunan Nura ya zaga can, su za su ɗauke shi nasu tun kafin ya buɗe baki.

Nura: Yaya Habibu, maharbi na ɗaura kan burtu a goshi, ya duƙa yana rausaya har namun daji su saki jiki. Bai zama burtu ba.

Malam Lawal: Maharbi in ya dawo gida yana cirewa ya rataye. Kai kullum kana cikin shafinsu har ƙarfe biyun dare. Kuma na ji akwai masu cewa su dabbobi ne da gaske.

Anti Rabi: Waɗannan daban ne, teriyan ake ce musu, masu jin cewa a ransu akwai wata dabba. Akwai inda suke haɗuwa da 'yan furi, amma yawancin 'yan furi sun san su mutane ne, wasa ne da zane da zumunci. Labarin da ya yaɗu a 2022 cewa makarantun Amurka na ajiye wa ɗalibai masu ɗaukar kansu dabbobi kwandon bahaya irin na kyanwa, makarantun da aka ambata sun ƙaryata, ba a samu hujja ba.

Malam Lawal: Zanen batsa fa? Ko shi ma ƙarya ne?

Nura: Wannan akwai shi, ba zan ɓoye ba, kuma ba kaɗan ba ne. Ni a sharuɗɗana na rubuta ɓaro-ɓaro ba na yi. An taɓa taya min kuɗi mai tsoka, na ce a kai kasuwa.

Malam Lawal: Madalla da wannan. Amma ban janye ba.

Habibu: Nura, tambaya ɗaya. Bushiyar nan mai hula zanna da alƙalami a bayan kunne da ka sa a hoton lambarka, wace ce?

Nura: Tambarin sana'a ne kawai.

Habibu: Tana da suna?

Nura: Yaya, don Allah.

Sadik: Tana da shi! Ɗanƙaya yake ce mata, ni shaida ne, har a takardar rasit yana bugawa.

Nura: Sadik, ka fara biyana kuɗin fentin da ka ara tun azumi.