Shawarwarin Marubuta Kan Buga Littafi a Zamanin Intanet

A tattaunawar da aka yi tsakanin wasu marubuta da masu buga littattafai, kusan kowa ya yarda cewa wayar hannu ta janye masu karatu daga shagunan littattafai na Kano, domin yanzu a WhatsApp da Wattpad yawancin matasa suke bin labarai babi bayan babi.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce kada marubuci ya dogara da dandali guda. An kawo misalin OkadaBooks, wani dandalin sayar da littattafai a intanet, wanda marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafansu a cikinsa, amma ya rufe a ƙarshen 2023. Saboda haka ya kamata kowa ya adana ainihin rubutunsa a hannunsa, ya kuma san yadda zai riƙa samun masu karatunsa kai tsaye. A ganina wannan ce shawarar da ta fi kowace nauyi.

An daɗe kan satar fasaha, tunda littafin da mutum ɗaya ya saya yakan zagaye ɗaruruwan wayoyi cikin dare guda. An tunatar da cewa dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya da aka sanya wa hannu a 2023 ta shafi abin da ake yaɗawa a intanet, kodayake aiwatar da ita sai a hankali.

Game da mujallun ilimi kuwa, an gargaɗi malaman jami'a su guji waɗanda suke karɓar kuɗi su buga maƙala ba tare da masana sun tantance ta ba, su fara duba ko mujallar tana cikin rumbunan AJOL ko DOAJ, wato shafukan intanet masu tattara mujallun ilimi da masana suke tantance maƙalunsu.