Mace kaɗai ta isa a raɗa wa gizo-gizon Oonopidae sabon suna?

Malam Nasiru: Jama'a, ga maganar da nake so mu warware. Wasu na cewa duk wanda ya tankaɗe ruɓaɓɓen ganye a kurmi ya samu mace ɗaya ko biyu daga iyalin Oonopidae, ya ga ba ta yi daidai da abin da ke rubuce ba, to yana iya bayyana ta a matsayin sabon nau'i. Ni na ce a'a, sai da namiji. Halittun nan tsawonsu milimita 1 zuwa 3 ne, galibi ido shida a cure wuri guda, da yawansu ciki sanye da sulke ruwan lemo ko ja-ja. Daga waje mata kamarsu ɗaya. Abin da ke rabewa yana jikin ƙananan hannuwan namiji na gefen baki, waɗanda yake barbara da su. A zuriyar Opopaea gwiwar hannun ce ta kumbura ta fi cinyar girma nesa ba kusa ba. A Ischnothyreus hannun ɗan ƙarami ne, mai tauri, kusan baƙi. Mace ba za ta ba ka wannan ba.

Dakta Rabi: Malam Nasiru, ka tsaurara. Dokar raɗa sunayen dabbobi ta duniya ba ta ce sai namiji ba. Abin da ta nema shi ne kwatanci a rubuce da ke bambanta nau'in da 'yan'uwansa, da samfurin da aka tsayar a matsayin tushen suna, a kuma faɗi inda aka ajiye shi. In a intanet aka wallafa, tun 2012 sai an yi rajista a ZooBank, rumbun rajistar sunayen dabbobi na intanet. Sannan yaya za ka yi da Triaeris stenaspis, wani nau'i na wannan iyalin? Eugène Simon ya bayyana ta daga tsibirin St. Vincent fiye da shekara 130 da suka wuce, kuma masu bincike a ƙasar Cek sun yi kiwonta sun ga tana hayayyafa ba tare da namiji ba. Sai a bar ta babu suna?

Malam Nasiru: Dakta, misalinki ni ya taimaka. Ita wannan Triaeris ɗin sau nawa aka sake mata suna? An kira ta berlandi a Kwango, an kira ta lepus a Hawai, an ba ta wani sunan a Guwatemala. A 2012 Norman Platnick da abokan aikinsa suka nuna duk abu guda ne. Haka Brignolia parumpunctata: Simon ya bayyana ta daga Saliyo a 1893, daga baya aka sake bayyana ta daga tsibiran Virgin, daga Fanama, daga Kyuba, kowane karo a wata zuriya daban, sai a 2011 aka haɗe sunayen. Irin waɗannan suna bin ƙasar tukwanen shuke-shuke su ƙetare teku. Wanda ya same su a bayan gida sai ya ɗauka ya yi tsintuwa.

Dakta Rabi: Kada ka tsaya a rabin aikin na 2012. A cikinsa aka bayyana sababbin Triaeris shida daga yankinmu: moca daga tsibirin Biyoko, fako da oku da menchum daga Kamaru, togo daga Togo, ibadan daga Najeriya. Huɗun farko da mata kaɗai aka bayyana su. Waɗanda suka share sunayen banza su ne suka raɗa suna da mace. Ashe laifin ba na macen ba ne, na wanda bai buɗe cikinta ba ne, kuma bai kwatanta ta da masu yawon duniya ba.

Malam Yakubu: Bari in shigo ta ɓangaren aikin hannu, don a nan ake faɗuwa. Macen wannan iyali ba ta da taurarren tambari a waje irin na manyan gizo-gizo, kayan haihuwarta suna ciki, ƙarƙashin sulken ciki. Ana yanke wurin da allura siririya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a jiƙa shi a ruwan fankiriyatin, sinadarin da ke narkar da nama, ya kwana har naman ya narke, a wanke, a duba ta sama da ta ƙasa. Mai gaggawa yakan sa man kanumfari, yana nuna abin da ke ciki amma ba ya cire naman. Wanda ya tafasa a ruwan KOH mai ƙarfi, wani sinadari mai cin nama, kuwa, sassa masu laushi sukan narke ko su karkace, sai ya zana abin da shi ya ɓata ya ce sabuwar siffa ce.

Wani tarkon kuma shekaru ne. Ƙanana ba su da sulke sam. Wadda ta yi saɓa kwanan nan fara ce sol, sulken bai yi tauri ba. Kuma a Scaphiella namiji yana da sulken baya, mace ba ta da shi, don haka kada a raba miji da mata saboda sulke. Kafin komai a duba ƙafa: Opopaea ba ta da ƙayoyi a ƙafa, Ischnothyreus tana da su a ƙafafun gaba, Triaeris kuma gwiwar ƙafar farko doguwa ce da ƙayoyi a ƙasanta. Waɗannan alamomin kam, mace ma tana nuna su.

Aisha: Malamai, a gafarce ni, ba DNA zai raba gardamar ba? A cire ƙafa ɗaya, a karanta COI, guntun DNA mai harafi 658 da ake tantance nau'i da shi, a kwatanta.

Malam Yakubu: 'Yata, a kwatanta da me? Iyalin ya haura nau'i 1,800, kuma mafi yawansu babu wanda ya karanta musu DNA. Rashin samun makamanciya a rumbun bayanai bai nuna sabuwa ba ce. Amfaninsa na gaske shi ne haɗa namiji da macensa idan an kamo su a tankaɗe ɗaya. Kuma ki kula da ajiya: samfurin duba siffa a sa shi a itanol, wato sifirit, kashi 70 zuwa 80, na DNA kashi 95 ko sama, a wuri mai sanyi. Mai ƙarfin yana busar da ƙafafu su riƙa karyewa, mai raunin yana lalata DNA, don haka a raba kwalba biyu tun a daji.

Malam Nasiru: Na yarda da mace idan zuriyar an riga an yi mata cikakken bita, kuma an san cikin matanta yana bambanta. A Opopaea ban yarda ba. Cikin matansu 'yar alama ce ƙarama, kuma nau'o'inta biyu, deserticola da concolor, sun cika ƙasashe masu zafi.

Dakta Rabi: A Opopaea ni ma ba zan sa hannu a kan mace ɗaya ba. Amma ba zan mai da shi doka ga iyalin duka ba, don kurmin da aka kamo ta ana iya sare shi kafin namijin ya samu.

Malam Yakubu: To a koma wurin tukuna. A tankaɗe ganye da rariya mai ido santimita 1, a rataye a jakar Winkler, wadda ƙwari ke fita daga ganyen su faɗa kwalbar da ke ƙasanta, awa 48, a juya ganyen a sake ratayewa, a yi da damina a yi da rani. A haɗa da ɓawon itace da ganyen da ya taru a cokulan rassa, don wasu ba sa sauka ƙasa.