Lokogoma ko Kubwa? Waɗanda suka zauna ku faɗa mini abin da zan duba kafin in biya haya

Abban Khalil

Assalamu alaikum 'yan'uwa. An yi mini canjin wurin aiki daga Zariya zuwa Abuja, ofishinmu na Area 11 a Garki. Ina da mata da yara uku, biyu suna firamare. Dillali ya nuna mini fulat biyu masu ɗaki biyu da falo. Ɗaya yana cikin wani rukunin gidaje mai get a Lokogoma, ɗayan kuma a Kubwa wajen Arab Road, a hawa na biyu na wani gidan sama. Na Lokogoma ya fi ɗaukar ido, sabon fenti, sabon tayil, kuma dillalin sai matsa mini yake wai akwai wanda zai biya gobe. Ba maganar farashi nake ba. Wanda ya taɓa zama a ɗayan wuraren nan, don Allah me zan duba?

Maman Hanifa

Wa alaikumus salam. Malam, sabon fentin nan da ya burge ka shi ne ya fara tayar mini da hankali. Mun zauna a Lokogoma, kuma da rani muka kama gidan, lokacin ko'ina a bushe yake ƙaƙas. Ruwan sama na farko mai ƙarfi ya nuna mana dalilin da aka yi wa falon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai. Ta ƙofar kicin ruwa ya shigo, buhun shinkafa da kafet duk suka tafi.

Ba duk Lokogoma ce haka ba, kada in zalunci unguwar. Akwai rukunonin da ke kan tudu, lafiya lau suke. Matsalar ita ce waɗanda aka gina a gangare ko a bakin rafi, wasu ma a kan hanyar ruwan kanta. Ka zagaya bayan gidan, inda ba a ɓata kuɗi a yi fenti ba. Ka dubi jikin katanga, in ruwa yana kwanciya za ka ga layin laka a miƙe. Ka duba ko an ɗaga dokin ƙofa da bulo, ko an mayar da soket sama. Ka leƙa kwalbatin hanyar shiga, ka ga girmansa. Sannan ka sayi ko lemo ne a wurin mai shagon bakin get, ka tambaye shi yadda suke yi a watan Agusta da Satumba. Shi ba shi da kaso a kuɗin dillanci, zai faɗa maka gaskiya. Waɗanda suka ga hotunan ambaliyar Trademore da ke Lugbe a watan Yunin 2023 sun san cewa get mai kyau da masu gadi masu kaki ba sa tare ruwa.

Injiniya BK

Hajiya ta gama da ruwan sama, bari in ɗauki wuta. Kada ka tambayi dillali "ana samun wuta?" Amsarsa ɗaya ce ko ina ne. Ka tambayi rukunin wutar da layin gidan yake, don an kasa layukan wuta rukuni-rukuni gwargwadon awannin da ake ba su. Rukunin A an yi alkawarin awa 20 zuwa sama a rana, B awa 16, C awa 12, haka har zuwa E mai awa 4. Amma tun watan Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit a lokacin, zama a kan layin nan ya zama wani kuɗin hayar daban, musamman in gidan na da hita da na'urar sanyaya ɗaki. Wasu suna murna sun samu wuta, ƙarshen wata suna kashe firji da dare.

Abu na biyu, kuma nan ne ni aka ci ni: mita. Na shiga wani gida da mita mai kati, na loda, sai na ga yunit ɗin da aka ba ni bai kai abin da na lissafa ba. Ashe wanda ya tashi ya bar bashi a kan mitar, ana cira duk lokacin da na saya. Mai gidan ya ce ba ruwansa. Saboda haka ka ce a nuna maka rasit ɗin katin ƙarshe da aka saya, a jikinsa za ka ga farashin yunit da ko ana cire bashi. Ka kuma tabbatar mitar taka ce kai kaɗai, ba a haɗa ta da injin tura ruwa ko fitilun harabar gida ba. A wasu rukunonin gidaje ma ba kai tsaye kake sayen wuta daga AEDC, kamfanin raba wuta na Abuja, ba, masu kula da wurin ne ke saye su sayar muku a nasu farashin, in kuma ba ka biya sabis caj, wato kuɗin hidimar wurin, ba sai su toshe maka sayen katin.

Ka je bayan isha'i ka tsaya a layin. In janareta ne ke amsa wa juna daga kowane gida, ka samu amsarka.

Sadiq Zazzau

Allah Ya saka, Injiniya. Bashin mitar nan ni ma ya same ni a Dawaki.

Anti Larai

Ƙanena, ni 'yar Kubwa ce tun yarana na goye. Abin da ya riƙe ni ruwa ne. Madatsar Usuma tana kusa da mu ta hanyar Bwari, don haka sassa da dama suna samun ruwan famfo na gwamnati, amma ba kowane layi ba, kuma kai hawa na biyu aka nuna maka. Ka buɗe famfon bayi da na kicin da hannunka. Ka tambayi maƙwabta wa ke kunna injin da ke tura ruwa tanki, wa ke biyan gyaransa in ya ƙone. Gidan sama in injin ya mutu, matarka ce za ta sha wahala, kuma 'yan ga-ruwa kuɗin hawa bene daban suke caji.

Su 'yan ga-ruwan ma shaidu ne. In ka je da sassafe ka tarar da kurarsu jere a ƙofar gidan, ba sai ka tambayi kowa ba. Ka kuma shinshina bayan gida wajen sokawe. In ya cika, masu haya ake tara wa kuɗin kwasa.

Sadiq Zazzau

Anti, da girmanki, ruwa kam kun fi mu, amma ki faɗa masa nisa. Daga Kubwa zuwa Area 11 tafiya ce. Babban titin yana da faɗi, gaskiya, sai dai kafin ka fito daga cikin gari ka hau shi da safe ka gaji, ga yamma wajen gadar Dutse da Gwarinpa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk wanda ke zama nesa ya san cewa abin da ya rage a haya yana mayar da shi a gidan mai. Lokogoma ta fi kusa da Garki nesa ba kusa ba, ta Gudu ko Apo za ka ɓullo.

Anti Larai

Kusa a taswira, Sadiq. Ka taɓa tsayawa a mahaɗar Lokogoma ƙarfe bakwai na safiyar Litinin? Kowa ta ƙofa ɗaya yake son fita. Abban Khalil, kada ka yarda da ni, kada ka yarda da shi. Ka kwana a wurin abokinka, ranar aiki ka tashi daga ƙofar kowane gidan a lokacin da za ka riƙa fita, ka duba agogo. Gani ya kori ji. Dillalai ranar Asabar da hantsi suke son kai mutum, lokacin da titi ba kowa.

Kuma ka tuna da uwargida. Ranar da ka fita da motar, yaya za ta kai yaro asibiti ko ta je kasuwa? Wasu rukunonin ba sa barin ɗan acaɓa ko keke ya wuce get, daga get zuwa gida kuma tafiya ce mai tsawo a rana. A Kubwa kasuwa, babban asibiti, makarantu, duk a kusa suke. In an tashi zuwa gida Zariya ma, ga tashar jirgin Kaduna nan a Kubwa.

Abban Khalil

Na gode ƙwarai. Dillalin ya ce bayan hayar akwai kashi 10 nasa, kashi 10 na lauya, da kuɗin ajiya na ɓarna, da sabis caj. Haka ake yi, ko don ya ga baƙo ne?

Barista Ummi

Haka ake yi a nan, Malam, duk da ana iya neman ragi. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne wanda za ka tura wa kuɗin. Ka nemi ganin mai gidan ido da ido, ko lauyansa a ofishinsa. Sunan da ke kan asusun banki ya dace da sunan da ke kan yarjejeniya. Na ga fulat ɗaya da aka karɓi kuɗin mutum biyu a kansa, wanda ya karɓa kuma ashe mai jiran gida ne kawai, ya kashe waya.

Sabis caj ɗin a rubuta maka me ya ƙunsa: gadi, kwashe shara, ruwa, man janareta, ko kuwa gadi kaɗai. Ka tambayi wani ɗan haya a wurin sau nawa aka ƙara shi, da kuma ko ana zuwa da wani karo-karo a tsakiyar shekara, na tiransifoma ko na gyaran hanya. Wannan sau da yawa aikin masu gida ne ake jibga wa 'yan haya. Ranar karɓar makulli ka ɗauki hoton duk tsagewa da abin da ya lalace, ka tura wa mai gidan ta WhatsApp, don kuɗin ajiyarka ya dawo. Mai hayar shekara a Abuja doka ta ba shi sanarwar wata shida kafin a tashe shi, sai dai in ya sa hannu a kan ƙasa da haka, to ka karanta wurin da kyau.

In ka ga jan fenti da alamar gicciye a katanga ko a gidajen da ke kusa, ka tambaya. Tun zamanin da Malam Nasiru El-Rufai yake ministan Abuja, daga 2003 zuwa 2007, mutanen garin nan suka san ma'anar alamar, kuma in katafila ta zo ba ta tambayar wanda ya biya hayar shekara.

Malam Na Bakin Masallaci

Kowa ya yi maganar duniya, to ga tawa. Ka tsaya har magariba ka ji ko kiran salla na isowa gidan. Ni na taɓa zama a wani rukuni da sai na tayar da mota kafin in samu jam'in asuba, Islamiyyar yara kuwa sai da muka ɗauko malami gida. Ka nemi a ba ka dokokin rukunin ka karanta. Wani wuri an hana yanka a haraba, da layya sai ka ɗauki ragonka ka fita. Wani an ƙayyade yawan mutanen da za su kwana a fulat, alhali duk Bahaushen da ya tare a Abuja gidansa masauki ne: mai neman aiki, mai zuwa biza, mai rakiyar alhaji filin jirgi. Ka faɗa wa mai gidan wannan tun yanzu. Ka kuma ɗaga kai ka ga ko tagar wani na kallon inda iyalinka za su yi shanya.

Injiniya BK

Wai wani zai biya gobe? Ka ce masa ya bar mutumin ya biya. Ni fulat ɗin da aka ce mini haka, na wuce ta wurin bayan wata guda allon haya na nan rataye. Ka je da layin wayarka da na madam ka gwada su a cikin ɗakin kwana, don akwai lungunan da sai ka fito tsakar gida kafin kira ya shiga.